Haɗin ɗanyen tumatir: Asalinsa, yadda ake yin sa a gida da ƙa'idojin tsare lafiya

Haɗin ɗanyen tumatir mahaɗin abinci ne da ake yi da yankakken tumatir da albasa da attaruhu da gishiri da lemon tsami, ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Shi ne abin da littattafan girkin zamani da manyan gidajen abinci ke kira salsa.

Sunan ne baƙo, amma abincin ɗan gida ne. Duk matafiyin da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya wuce Boɗinga, ya tsaya a Kajiji ta Ƙaramar Hukumar Shagari ya sayi tsire ko balangu, ya ga mai nama ya yanka albasa da tumatir a kai ya barbaɗa yaji kafin ya naɗe. Haka uwargidan da ke haɗa kwaɗon zogale, wanda Sakkwatawa ke kira ɗatu, ba ta rasa yanka ɗanyen tumatir da albasa a ciki. Bambancin kawai shi ne a salsa tumatirin ne babba, ana yin haɗin a kwanonsa daban, kowa ya ɗiba gwargwadon bukatarsa.

Sauƙinsa da daɗinsa duka daga abu guda suka fito, wato rashin ganin wuta. Daga nan ne kuma haɗarinsa yake. Miyar da ta tafasa, wuta ta kashe mata ƙwayoyin cutar da suka biyo kayan miya daga gona da kasuwa. Shi kuwa ɗanyen haɗi, aikin da wuta ke yi ya koma kan zaɓen kaya da ruwan wanki da wuƙa da kuma lokaci.

Asalin tumatir da salsa

Asalin tumatir yankin tsaunukan yammacin Kudancin Amurka ne, amma a ƙasar da yanzu ake kira Meziko aka fara nomansa sosai. Al'ummar Aztek suna kiran sa tomatl, kuma daga wannan kalma sunansa ya yaɗu zuwa harsuna da dama. Bayan Sifaniyawa sun ci babban birnin Aztek da yaƙi a 1521, sun kai irinsa Turai, kuma zuwa 1544 an riga an ambace shi a rubuce a Italiya.

Wani malamin addinin Kirista ɗan Sifaniya mai suna Bernardino de Sahagún, wanda ya rubuta al'adun Aztek a ƙarni na 16, ya bayyana yadda ake sayar da mahaɗi iri-iri na tumatir da barkono a kasuwanninsu. Kalmar salsa kanta Sifaniyanci ce, ma'anarta miya ko mahaɗi. Wanda ake yankawa ƙanana ɗanye, mutanen Meziko na kiran sa pico de gallo, wato bakin zakara. Akwai kuma wanda suke dakawa a ɗan turmin dutse, kusan yadda ake jajjage a gidajenmu.

Barkono da attaruhu da tattasai su ma daga nahiyar Amurka suka fito. Kafin isowarsu Afirka ta Yamma, masoro da kimba da citta ne ke ba abinci zafi, tsamiya da yakuwa kuma su ba shi tsami. Wannan na nufin manyan kayan miyar da a yau ake ganin ba a girki sai da su, baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gari.

'Yan uwansa a wasu ƙasashe

Kusan duk inda tumatir da barkono suka sauka, an sami irin wannan haɗi. A Indiya ana kiran sa kachumber. A Kenya da Tanzaniya kachumbari ne, kuma da gasasshen nama ake cin sa. A Gana ana murje ɗanyen tumatir da albasa da barkono a kaskon ƙasa, a ci da kenke da soyayyen kifi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na birnin Abijan a Kwaddibuwa. A can akwai abincin titi da ake kira garba: dambun rogo da soyayyen kifi, a yanka ɗanyen tumatir da albasa da attaruhu a kai. Mutanen Jamhuriyar Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, kuma daga sunan Garba da ya yawaita a cikinsu abincin ya samo sunansa.

A ƙasar Hausa kuwa, ban da tsire da kwaɗo, ana ganin ɗanyen tumatir da albasa a kan garau-garau da ɗanwake da dambu da awara, da kuma gurasa bandashe ta Kano.

Lokacin da ya fi dacewa

Tumatirin Arewa galibi na noman rani ne. A Jihar Sakkwato ana noma shi tare da albasa da tattasai a fadamun kogin Rima da na kogin Sakkwato, a yankunan Goronyo da Wurno da Kware, da bakin madatsun ruwa irin ta Shagari. Albasa kuwa ba a magana: wanda ya wuce Kajiji da Tambuwal zai isa Aliero ta Jihar Kebbi, garin da ya yi suna a kanta, kamar yadda Galmi ta yi suna a Nijar.

Daga tsakiyar hunturu zuwa wajejen watan Maris tumatir kan cika kasuwa ya yi araha, kuma a lokacin ne ya fi nuna a jikin uwarsa, ya fi zaƙi. Da bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas kamar yadda yake yi a Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu, furen tumatir kan zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Daga nan har cikin damina sai ya yi wuya ya yi tsada, gidaje da yawa su koma ga kauɗa, wato busasshen tumatir, ko na gwangwani da na leda.

Wani abin da ke jawo tsadar shi ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. A 2016 ta cinye gonaki a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar. Tun daga lokacin takan sake ɓulla jefi-jefi, kuma feshin magani a gonakin tumatir ya ƙaru, abin da ya ƙara wa wanki muhimmanci.

Kauɗa da na gwangwani sun isa miya, amma ba sa yin ɗanyen haɗi. Don haka wannan abinci ne na lokacinsa.

Yadda ake zaɓen kaya a kasuwa

Tumatir: A nemi jajir mai tauri, wanda in an ɗauka za a ji nauyinsa, fatarsa sumul ba tsagewa ba huji. Dogon nan mai kaurin tsoka da 'yan gwari ke kira UTC ya fi dacewa, domin ruwansa kaɗan ne, ba ya dagargajewa a wuƙa. Zagayayyen na gida ya fi ruwa da tsami, yana yi amma sai an tsane shi.

Fasasshen tumatir da ake warewa gefe a sayar kashi-kashi da araha bai dace da wannan haɗi ba ko kaɗan. Duk inda fata ta tsage, ƙofa ce ga ƙura da ƙuda da ruwan kwando, kuma wanki ba ya kai wa ciki. Wanda ya fara ruɓewa ko ya yi furfura, zubarwa ake yi. A nan ne Hausawa ke cewa araha ba ta ado.

Albasa: Ja mai tauri wadda wuyanta ya bushe, ba ta fara tsiro ba. Fara ta fi sauƙin yaji, ga wanda bai son ƙarfin ja.

Attaruhu da tattasai: Attaruhun da muke da shi ya ninka barkonon da mutanen Meziko suka fi amfani da shi zafi sau goma ko fiye. Saboda haka wanda ya ga an rubuta barkono biyu ko uku a tsarin girkin waje, kada ya zuba attaruhu uku. Rabin guda ya isa farawa. Tattasai yana ƙara ƙamshi da launi ba tare da zafi mai yawa ba.

Ganye: A Meziko ganyen koriyanda ake sawa. Inda ba a same shi ba, lawashi ya wadatar, ko 'yan ganyen ɗoɗɗoya ko na'a-na'a.

Kayan haɗi na mutum 4 zuwa 5

Tumatir matsakaita 5, kimanin rabin kilo
Albasa matsakaiciya 1
Attaruhu rabi zuwa 1
Tattasai ɗanye 1
Lawashi ɗan kaɗan
Lemon tsami 2
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Man gyaɗa babban cokali 1, ga mai so

Yadda ake haɗawa

1. A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da katakon yanka. In an taɓa ɗanyen nama ko kaza ko kifi da su, sai an wanke da sabulu da ruwan zafi, ko ma a canza wasu.

2. A wanke kayan duka kafin a yanka, ɗaya bayan ɗaya, ana murzawa da yatsu ana zuba ruwa yana wucewa. Ruwan ya zama wanda za a iya sha. A bare albasa sannan a ɗauraye ta. Lemon tsami ma a wanke bayansa.

3. A ƙwaƙule kan tumatirin, wurin da ya rabu da reshe, a yar. A raba shi biyu, a cire 'ya'yan da ruwan cikin da cokali a ajiye don miya, sannan a yanka tsokar ƙanana kamar girman wake. Wuƙa mai kaifi ake so, domin dakusasshiya matse tumatir take yi.

4. A barbaɗa gishirin a kan yankakken tumatirin, a zuba a gwagwa ya tsane na minti 15. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma gishiri na jawo shi waje. In ba a tsane ba, haɗin zai koma ruwa tsululu a kwano.

5. A yanka albasa ƙanana. In tana da ƙarfi, a jiƙa ta a ruwa mai tsafta na minti 10 a tsane, ko a matsa mata lemon tsami tun farko, yajinta zai kwanta.

6. A tsaga attaruhu, a cire 'ya'yan da farar jijiyar da ke riƙe da su, domin a jijiyar ne mafi yawan zafin yake. A yanka shi siri-siri ko a jajjaga. A wanke hannu da sabulu bayan nan kafin a taɓa ido ko a ɗauki yaro.

7. A haɗa duka a kwanon tangaran ko na gilashi ko roba mai murfi, a matsa lemon tsami, a zuba mai in ana so, a juya a hankali. Kwanon alminiyam bai dace ba, tsami na cin sa ya canza ɗanɗano.

8. A rufe a bar shi minti 10 zuwa 15 kayan su kama juna, a ɗanɗana, a gyara gishiri ko tsami, a kai wa masu ci.

Injin markaɗe na mayar da ɗanyen tumatir ruwa mai kumfa, launinsa ya koɗe. Wanda ke son haɗin da laushi gara ya jajjaga a turmi sama-sama.

Wasu hanyoyin sarrafa shi

Na ƙuli-ƙuli: A barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli babban cokali 2 da ɗan yaji dab da za a ci. Wannan ya fi kusa da ɗatu, kuma yana tafiya da zogale da rama da dambu. In an zuba ƙulin da wuri zai sha ruwa ya cuɗe.

Na gurji: A ƙara yankakken gurji ko kokwamba, yana rage zafi, ya dace da buɗa-baki a watan azumi.

Na mangwaro: A lokacin da mangwaro ya shigo tumatir ya fara tsada, ana iya maye rabin tumatirin da mangwaron da bai gama nuna ba. Yana daɗi da gasasshen kifi.

Gasasshe: A ɗora tumatir da albasa da attaruhu da tafarnuwa a kan garwashi har bayansu ya babbake cikinsu ya yi laushi, a sale baƙin, a jajjaga da gishiri da lemon tsami. Wannan ma sananne ne a Meziko, kuma da yake ya ga wuta, shi ya fi dacewa da masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Inda haɗarin yake

Kayan lambu na bin hannuwa da yawa kafin su iso gida. Akwai takin dabbobi a gona. Akwai ruwan ban-ruwa, wanda a gefen manyan birane wani lokaci na magudanun gari ne, kamar yadda aka sani a bakin rafin Jakara a Kano. Akwai kwandunan da ake maimaita amfani da su, da shimfiɗa a ƙasa, da ruwan da mai kayan miya ke yayyafawa don kayansa su yi sheƙi. Ta waɗannan hanyoyi ƙwayoyin taifot da kwalara da atini da ƙwan tsutsar ciki ke isa baki.

A 2021 Najeriya ta yi fama da annobar amai da gudawa, inda Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga fiye da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu, kuma jihohin Arewa, har da Sakkwato, su ne suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar cutar, sai abincin da aka wanke ko aka haɗa da shi. A duk lokacin da aka ji ɓullar cutar a gari, a dakatar da ɗanyen haɗi a koma ga gasasshe.

Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. A 2008 fiye da mutum 1,400 sun kwanta a Amurka sakamakon ƙwayar salmonela. Da farko tumatir aka zarga, daga baya bincike ya kai ga ɗanyen barkono, kuma da yawa cikin waɗanda suka kamu salsa suka ci a gidajen abinci.

Abubuwa uku ne ake yawan kuskurewa a kansu.

Na farko, lemon tsami da attaruhu ba sa maye gurbin wanki. Tsami na rage saurin hayayyafar ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe su duka. Ruwan gishiri ma haka. Inda ake shakkar ruwa, a yi amfani da wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa sinadarin kulorin na tsabtace ruwan sha bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Na biyu, kada a tsoma tumatirin da ya sha rana a cikin ruwan sanyi a bar shi ya jiƙa. Yayin da yake hucewa yakan zuƙi ruwan ta wurin kansa, duk dauɗar da ke ciki ta shige. A bar shi ya huce a inuwa tukuna, sannan a wanke da ruwan da ke zuba.

Na uku shi ne lokaci. Tumatir na da kariya muddin fatarsa na nan. Da an yanka shi, ruwansa ya zama abincin ƙwayoyin cuta, kuma cikin zafi adadinsu kan iya ninkawa a ƙasa da rabin awa. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A Sakkwato da kewaye mafi yawan ranakun shekara na haura wannan ma'auni. Wannan ya shafi masu walima da masu sayar da abinci, da ma'aikacin da ke tafiya ofis da abincin rana: gara ya tafi da tumatirinsa da albasarsa a wanke, ya yanka lokacin ci.

Ajiya

A firjin da sanyinsa bai haura digiri 5 ba, haɗin kan yi kwana 2 zuwa 3 a rufe, ko da yake ya fi daɗi a ranar farko. In an ɗauke wuta, firji na riƙe sanyinsa kimanin awa 4 ne idan ba a buɗe shi ba. Gidan da wutarsa ba ta tsayawa, ya yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya. Abin da ya rage cikin lokaci ana iya juye shi a miya ya tafasa. Wanda ya fara kumfa ko yauƙi ko warin tsami, a zubar. Daskarewa kuma na lalata tsokarsa, in ya narke sai dai miya.

Tumatirin da ba a yanka ba ya fi son inuwa mai iska, a shimfiɗe ba a tara shi a leda ba. Dabarar randa cikin randa, wadda malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000, na tsawaita kwanakinsa sosai: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta rani. Sai dai sanyinta bai kai na firji ba, don haka ba a ajiye yankakken haɗi a cikinta.

Amfaninsa ga jiki

Ɗanyen tumatir da tattasai da lemon tsami na ɗauke da bitamin C, wanda doguwar dahuwa ke ragewa. Wannan bitamin na taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, shi ya sa haɗin ya dace da garau-garau da ɗanwake da kwaɗon zogale. Shi kuwa sinadarin da ke ba tumatir launin ja, jiki ya fi samun sa daga dafaffe da mai. Ɗanye da dafaffe kowanne da nasa amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Tsamin lemon da ƙamshin albasa na sa a rage gishiri da dunƙule ba tare da abinci ya yi lami ba, abin da ke da amfani ga masu hawan jini. Masu gyambon ciki da masu yawan ƙwannafi su rage attaruhu da lemon, domin suna iya tayar musu da ciwon. Wanda likita ya taƙaita wa tumatir saboda ciwon ƙoda ya bi umarnin likitansa.

Wanda attaruhu ya yi wa yawa a baki, nono ko madara ko lomar abinci mai mai sun fi ruwa kwantar da zafin, domin sinadarin da ke kawo shi a mai yake narkewa.

A lokacin kakar tumatir kuɗinsa kaɗan ne. Abin da yake bukata shi ne tumatir lafiyayye, ruwan da za a iya sha, wuƙar da ba ta taɓa ɗanyen nama ba, da kuma a yanka dab da lokacin ci.